Kumburin da Muka Ɗauka Ƙiba

Ƙarfe goma da kwata na safe, ranar Asabar, na kashe babur a ƙofar gidan mahaifiyata a Kebbe. Na san lokacin ne domin ban taɓa sauka daga tafiya ban duba agogo ba. Mutum uku na samu a tsakar gida: Inna a kan tabarma, wata maƙwabciyarta tana gyaran rama a faifai, sai 'yata, 'yar yaye, zaune a cinyar Inna.

Wata biyu da kwana tara ke nan rabona da yarinyar. Tana da shekara ɗaya da wata bakwai uwarta ta samu wani ciki, aka ce a cire ta daga nono. Yadda ake yi a gidanmu tun kakanni, ɗan yaye ba ya zama gari ɗaya da uwarsa, sai a kai shi wurin kaka har ya manta. Ni na kai ta da kaina daga Tambuwal da farkon damina. Na haɗa mata rabin buhun gero da sukari da sabulu, na dawo ina ganin na sauke nauyin da ke kaina. Ruwa ya yi yawa, hanya ta ɓaci, noma ya tsare ni, ban koma ba sai wannan rana.

Ko sallamata Inna ba ta gama amsawa ba ta ɗaga yarinyar sama.

"Kai, zo ka gani! Zo ka ga ɗiyar da kunka kawo min awa tsinken tsintsiya. Dube ta yanzu!"

Inna ba ta kiran sunana, domin ni ne ɗanta na fari. "Kai" ta ishe ta tun ina yaro.

Na duba, sai da na yi kabbara. Yarinyar da na kawo sirirya ta yi kumatu. Bayan hannuwanta ya cika, ƙafafunta sun yi tuɓul, fatar tana sheƙi kamar an shafa man gyaɗa. Na karɓe ta na ji nauyi. Ni ba mai yawan dariya ba ne, 'ya'yana ma sun san haka, amma a ranar na yi ta har maƙwabciyar ta ce ashe malamin nan yana da haƙora. Nan take na ciro waya na kira matata.

"Albishirinki. Yarinyarki ta zama ƙatuwa."

"Don Allah Maigida? Har da kumatu?"

"Har da kumatu. In kika gan ta a hanya wucewa za ki yi."

Na ji guɗarta ta cikin waya. Inna ta karɓi wayar ta ƙara mata da cewa ƙawarta ta yi hankali, ba kuka, ba rigima, inda aka ajiye ta nan za a same ta. Ƙawata take ce wa yarinyar. Ta ce har tafiyar da ta fara ta daina, nauyin jiki ya yi mata yawa. Muka yi dariya mu duka.

Na zauna a bakin tabarma da yarinyar a jikina, muna gaisawa. Ina tambayar Inna yabanya, ƙafar yarinyar tana cikin hannuna. Ban yi niyyar komai ba. Babban yatsana ne ya danna bayan ƙafar da kansa, yadda ya saba. Da na ɗaga sai na ga rami. Na jira ya cike, bai cike ba. Na danna ɗaya ƙafar, ita ma haka.

A nan dole in faɗi sana'ata, in ba haka ba ba za a gane dalilin da ya sa na tsorata ba. Aikina gadin ƙofar wata makarantar firamare. Karatuna bai wuce firamaren ba, sai na allo. Amma abin da aka san ni da shi a unguwarmu kiwon ragunan turke ne, kuma a wurin mahaifina na gada. Mai kiwo ba ya yarda da ido. In na shiga kara, wato inda ake cinikin dabbobi a kasuwa, ba na kallon rago, taɓa shi nake yi. Gadon baya da farko, sai ƙirji, sai gindin wutsiya. Akwai masu ɗura wa rago ruwa da kanwa da safen kasuwa ya cika fal, wanda bai sani ba ya yi ta murna. Nama na gaskiya in ka danna turo yatsanka yake yi. Ruwa kuwa ba ya turowa.

Ƙafar 'yata ba ta turo yatsana ba.

Sai a lokacin na kalle ta da kyau. Gashinta ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara. Tun da na zo ba ta yi murmushi ba, ba ta kama gemuna ba kamar yadda ta saba. Kafaɗunta kuma, da na ɗaga rigar, ƙashi ne.

"Inna, me take ci?"

"Koko. Mi za ta ci? Tatacce sau biyu, da ƙyalle mai laushi. Ko tsaki guda ba ni bari. In sa mata sukarin da ka kawo, ta sha da safe, ta sha da rana, ta sha da marece."

"Tuwo fa? Wake?"

"Wake ga ɗiyar yaye? Ka gan ka! Da anka kawo ta ta yi zawo, na tsai da komi sai koko. Wake shina kumbura ciki, nama shina sa tsutsa. Ni ba yau nif fara yaye ba, da haka niy yaye ka."

Sa'an nan na ce ina so in tafi da ita asibiti a Tambuwal a duba ta. Maƙwabciyar ta ajiye faifai. Inna ta kalle ni sama da ƙasa.

"Lafiyayya za ka kai asibiti? To. Ban hana ka ɗiyarka ba. Amma inda ƙawata za ta, nan za ni."

Ta shiga ɗaki ta ɗauro ƙullinta, ta goya yarinyar, ta hau bayan babur.

Ƙarfe ɗaya saura muka shiga asibitin garinmu. Matata ta riga mu zuwa da cikinta, ta yi kwalliya za ta tarbi ƙatuwa. Malamar asibitin da ta karɓe mu mace ce mai natsuwa, kuma abin da ya burge ni, komai nata bi da bi ne. Ta danna ƙafafun biyu tare, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Ta auna damtsen hannu da wani ɗan zare mai launi. Ta ɗora ta a sikeli. Ta buɗe ido ta duba, ta buɗe baki ta duba. Sa'an nan ta juya.

"Iya, ke ce mai riƙonta?"

"Ni ce."

"Sannu da ƙoƙari. Yarinyar nan tsaf take, ko ƙurji babu. Amma wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Tamowa ce. Cikinta yana cika, jikinta bai samun abin da zai gina kansa da shi. Gero shi kaɗai ba ya raya yaro, balle an tace shi an zubar da ƙarfinsa. Yau za mu kwantar da ita."

Matata ta fashe da kuka. Inna ta ce ita za ta yi alwala, azahar ta yi, ta fita ba ta kalli kowa ba.

Bayan fitarta malamar ta gaya mana abu uku. Na ɗaya, madara ta musamman za a fara ba ta, kaɗan kaɗan, kada a haɗa mata da komai. Na biyu, da mun ƙara mako biyu ko uku a gida, zawo ko zazzaɓi kaɗan zai iya tafiya da ita, domin jikin da bai ƙoshi ba ba ya iya faɗa da cuta. Na uku, kuma ta nanata shi, idan magani ya fara aiki ruwan zai sauka, yarinyar za ta rame sosai a ido. Ta ce kada mu tsorata, ramar nan ita ce farkon sauƙi.

Na ji duka ukun. Na gaya wa Inna na ɗaya kawai. Sauran biyun na riƙe, ina ganin na biyu zai ƙona mata rai, na uku kuma za ta gani da idonta. Gaskiya kuma akwai ɗan fushi a zuciyata, ba na son doguwar magana da ita. Wannan kuskure nawa ne, ba na kowa ba.

Inna ce ta zauna jinya, saboda halin da matata ke ciki. Ni ina zuwa sau uku: bakwai na safe, bayan azahar, bayan la'asar. A tsakani ina komawa gida in ba raguna abinci. A ranar farko da na tsaya a gaban turke da kwanon dusa a hannuna, kunya ta rufe ni. Raguna biyar gare ni a lokacin. Tsarin abincinsu a rubuce yake da alli a jikin bango: harawa da asuba, dusa da ɓawon wake da hantsi, tunkuza wato abin da ya rage bayan an matse man gyaɗa da rana, ruwa mai tsabta sau biyu. Ban taɓa ba rago abu ɗaya tak ba, domin na san ba zai yi nama ba. Wanda duk ya ce mini zai turke rago da ruwan gero zalla, dariya zan yi masa a gaban jama'a. Amma 'yar cikina na kai ta da gero da sukari na juyo ina jin daɗi. Ga wake a rumbuna, ga gyaɗa a buhu, ina jiran kasuwa ta yi kyau. Hatta dusar da Inna ke tacewa daga kokon, awakinta ke shanyewa. Awakin kuwa sun yi kyau, na gan su.

Rana ta huɗu, bakwai saura minti biyar, na iso na ga Inna a bakin ƙofar asibiti. Ƙulli a kai, yarinya a baya, tana tsayar da mai babur.

"Inna, ina za ki?"

"Gida."

"An sallame ku?"

"Ni nis sallami kaina. Dube ta!" Ta juyo da bayanta. "Dubi abin da sunka yi min da ɗiya. Wata biyu nika tara jikin ga, kwana fuɗu sun zubar da shi. Na kawo ta da kumatu, in koma da ƙashi? In mutuwa ce ta mutu ga ɗakina."

Na leƙa. Wallahi ni ma sai da na tsorata, duk da an gaya mini. Kumatun sun tafi, wuyan ya zama siriri, idanun sun fito. Mai babur yana jira, masu sayar da ƙosai suna kallonmu. Ba a jayayya da uwa a bakin titi. Na sallami mai babur, na durƙusa a gabanta.

"Inna, laifina ne. Malama ta ce haka za a yi, ni ne ban gaya miki ba."

"Ka tashi, mutane na kallo."

"Zan tashi. Amma ki tuna mini abu ɗaya. Farin ragon nan da Baba ya saya a kara shekarar da aka yi mini kaciya, wanda ya shigo da shi yana cewa a fito a ga rago kamar sa."

Na ga bakinta ya motsa.

"Da gari ya waye yaya aka same shi?"

"Awa jakar da anka zazzage," in ji ta. Dariya ta suɓuce mata ba ta shirya ba. "Allah jiƙan Malam. Shekara guda ina yi mai tsiya. Ruwa da kanwa yas saye da kuɗinai."

"To Inna, ragon nan ramewa ya yi cikin dare, ko kuwa dama abin da ke jikinsa ke nan?"

Ta daina dariya. Sa'an nan ta sauke ƙullin, ta zauna a kan dakali, ta kwance goyon, ta ɗora yarinyar a cinya ta zuba mata ido. Na ga hawaye sun taru mata, abin da ban gani ba tun rasuwar mahaifina.

"Ke nan ruwa nika yi wa murna."

"Ni ma na yi. Har waya na buga."

"Kwana ukku," ta ce. "In ban ga alama ba, ba ka ƙara tsai da ni."

Na ce na yarda, ko da yake ban san abin da zan yi ba in ukun suka cika. Na ɗauki ƙullin muka koma ciki. Malamar ta gan mu, ta gane abin da ya faru, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Iya, kin je shan iska? Ga madarar ƙawarki nan tana jira."

Ba a kai kwana ukun ba. A rana ta shida, ƙarfe biyu da minti ashirin, tun daga farfajiya na jiyo wani kuka mai ƙarfi, irin na yaron da aka ƙwace wa abu. Na shiga na tarar 'yata ce. Ta shanye madara, Inna ta janye kofin, ita kuma ta riƙe shi da hannu biyu tana tsala ihu tana harbi da ƙafa. Inna tana ja, ita ma tana ja.

"Kai, zo ka raba mu! Wagga ɗiya ta cije ni!"

"Ta cije ki?"

"Ga shaida! Ja'ira, ni da nir raine ki!"

Tana faɗa tana dariya tana share ido da bakin zane. Matan da ke jinya a ɗakin suka taso suna yi mana barka. Malamar ta leƙo ta ce kukan nan shi take jira tun ranar Asabar, yaron da ke da ƙarfin yin rigima ya kama hanya. Ni kuwa na fita waje na kira matata, na ɗaga wayar wajen taga.

"Kina ji?"

"Wa ake duka?"

"Ba wanda ake duka. 'Yarki ce ke neman ƙari."

A rayuwata ban taɓa jin daɗin kukan yaro ba sai ranar. Ni da nake cewa a fitar mini da mai kuka waje.

Kwana tara muka yi aka sallame mu, Inna ta biyo mu gidana, ba ta koma Kebbe ba. Aka ba mu wani abincin gyaɗa mai laushi a 'yan ƙananan leda, na yarinyar ita kaɗai, aka ce mu riƙa kawo ta awo duk mako. Kafin mu fita na tsayar da malamar na ce ina da tambaya: idan wannan ya ƙare, me za ta ci don kada mu sake dawowa? Ta ce duk abin yana gidana. Ta lissafa, ni kuma na rubuta a bayan katin. Gero, waken suya, gyaɗa, a soya a niƙa tare, kada a tace. Garin busasshen kifi in an samu. Zogale. Ɗan manja. Ƙwai. Hanta ranar kasuwa. Gwanda ko mangwaro in lokacinsu ne. A wanke hannu da sabulu kafin a ba ta, a ba ta a kwanonta daban, don in aka haɗa ta da manyan yara kafin ta kai loma biyu sun share.

Ranar da muka yi garin farko ba zan manta da ita ba. Na buɗe buhun gyaɗa da kaina. Na shimfiɗa tabarma na zauna ina tsince wadda ta yi baƙi ko ta yi ɗaci, ɗaya bayan ɗaya. Na auna gwangwani uku na gero, ɗaya na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Na ce a soya kowanne daban, domin ba lokaci ɗaya suke soyuwa ba. Matata tana kan kujera tana kallona.

"Maigida, yau kai ne a madafa? Bari in kira maƙwabta su shaida."

"Ki kira. Ki dai rage wutar nan."

"Ko za ka kafa mata turke kusa da na ragunanka, ka huta?"

"Ki rage wutar na ce."

Inna tana gefe har ƙauri ya fara tashi. Ta miƙe ta ƙwace muciyar daga hannuna.

"Kauce. Wa ya ce maka haka aka suyar wake? Ka iya rago, ba ka iya kasko ba."

Daga ranar suya ta koma hannunta. Ita ta nuna mana a murza waken a sheƙe ɓawonsa kafin a kai injin niƙa. Ita ta ce zogale a inuwa ake shanya shi, rana tana kashe masa launi. Da na dawo daga niƙa, ƙamshin garin ya cika gida har yaran maƙwabta suna leƙe. Aka dama kofi ɗaya mai kauri, ba irin wanda ke zuba kamar ruwa ba. Muka kewaye yarinyar mu uku kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta tofar. Inna ta ce a bari. Ta sha cokali ɗaya a gabanta tana lumshe ido tana cewa nata ne, ba za ta ba kowa ba. Yarinyar ta miƙo hannu. Sai da ta lashe cokalin.

Na ɗauko alli na je jikin bango, gefen tsarin raguna, na rubuta nata. Sau biyar a rana, kowanne da lokacinsa. Matata ta zo ta tsaya a bayana ta karanta.

"Raguna sau uku, yarinya sau biyar. Ni da ke ɗauke da wani fa, sau nawa?"

Gaskiya ta faɗa. Malamar ma ta ce mai ciki in ba ta ci da kyau ba, jaririn tun daga ciki yake fara rama. Na ƙara layi na uku. Daga nan miyar gidanmu ta canza. Wake ya shiga tukunya sau uku a mako, ganye kullum, kuma ranar kasuwa ba na dawowa ba hanta ko kifi.

A kan ƙwai ne kawai muka daɗe da Inna. Ta ce yaron da ya saba da ƙwai ɗauke-ɗauke yake tashi da shi, tun iyayenta haka suka ce. Na bari sai da muka zauna mu biyu bayan la'asar, na ce, "Inna, wanda ya sayar wa Baba farin ragon nan, kina ganin da ƙwai aka yaye shi?" Ta jefe ni da mafici. Washegari na ga ta dafa ɗaya daga na zabinta da aka kawo mata daga Kebbe. Ta ɓare ta ba yarinyar, tana gaya mata in ta yi sata ba ruwanta, ubanta za a kama.

Jikin da ya dawo a wannan karon a hankali ya dawo, ba kamar na farko ba. Mako uku ba abin da baƙo zai gani, sikeli ne kawai ke gaya mana. Ni kuma duk ranar awo kamar ranar salla nake jinta. Tun daren jiya an wanke kaya, bakwai da rabi mun fita. Sabon gashi baƙi ya fara tsirowa a ƙarƙashin jan. Ta koma rarrafe, ta koma kama bango. Da aka yi kakar zazzaɓi a unguwa ita ma ta yi, muka kai ta aka ba ta magani, kwana uku ta miƙe tana neman kunu. Na tuna abu na biyu da malamar ta faɗa a ranar farko, na gode wa Allah da zazzaɓin bai same ta wata biyu baya ba.

A awo na takwas, a bakin ƙofar ɗakin, yarinyar ta ƙi goyo. Ta zame daga bayan Inna ta tsaya da ƙafarta. Ta yi taku ɗaya, biyu, har shida, ta isa teburin malamar ta janyo biro. Malamar ta duba kati, ta duba zaren awo, ta ce, "Iya, ƙawarki ta gama da mu. Kada mu sake ganinta sai rigakafi." Inna ta rangaɗa guɗa a cikin asibiti, aka ce ta yi a hankali akwai marasa lafiya, ta ce su ma su ji su samu ƙarfi. Ni ban yi guɗa ba, ba aikina ba ne, amma a hanyar gida sai da na tsayar da babur sau biyu ina gaya wa mutanen da ba su tambaye ni ba.

Yanzu tana makarantar da nake gadi, ajin ƙanana. In aka tashi hutun tara ita ce ta farko a gudu, kuma har yau ba a janye mata kwano lafiya.

Ga roƙona gare ka, mai karatu. Idan akwai ɗan yaye a hannun wata tsohuwa a danginku, kada ka aika mata saƙo, kada kuma ka je da faɗa, domin da ƙauna take yin abin da take yi. Ka soya gero da wake da gyaɗa a cikin makon nan, ka niƙa, ka kai mata da kanka. Ka durƙusa ka gaya mata duk abin da ka sani, kada ka rage ko ɗaya. Sa'an nan ka zauna a wurin har a dama, ka ga yaron ya sha, kafin ka tashi.